Makullin da ba a saya: yadda manhajojin ɓoye saƙo na kyauta ke tsare kuɗin fatake a Inugu

Unguwar Coal Camp da ke birnin Inugu ta samo sunanta ne daga masaukin ma'aikatan haƙar kwal, bayan da aka gano kwal a tsaunukan Udi a shekarar 1909, aka kuma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal zuwa Inugu a 1916. A yau an fi sanin unguwar da cinikin kayan gyaran motoci, kuma akwai Hausawa mazauna birnin da ke gudanar da harkokinsu, kamar yadda 'yan'uwansu ke yi a Anaca da Fatakwal. A da, falken da ya sayar da shanu ko albasa ko wake a waɗannan birane yakan ɗaura kuɗinsa a ƙugu ya kama doguwar hanyar Arewa da fargaba. Yanzu kuwa mafi yawan kuɗin ta wayar hannu ko na'urar POS suke bi, su isa Kano ko Sakkwato tun mai su bai bar kasuwa ba.

Wannan sauyi ya samo asali ne daga matakai da dama. An fara amfani da wayar GSM a Nijeriya a 2001, sannan kamfanin NIBSS, wanda ke daidaita biyan kuɗi tsakanin bankuna, ya ƙaddamar da tsarin aika kuɗi nan take a 2011. Babban Bankin Nijeriya ya soma shirinsa na rage amfani da takardun kuɗi a Legas a 2012, ya faɗaɗa shi zuwa jihohin Anambra da Ribas da Kano da wasu wurare a 2013, kafin ya game ƙasar baki ɗaya a 2014. Ƙarancin takardun naira da ya biyo bayan sauya fasalin kuɗi a farkon 2023 ya tura ko waɗanda ke ɗari-ɗari da banki zuwa ga wayoyinsu.

Abin da ke hana ɓarawo karanta ko sauya umarnin biyan kuɗi a tsakanin waya da banki shi ne fasahar ɓoye saƙo. Ana iya kwatanta ta da zaurance, inda mutum biyu ke juya magana don kada na uku ya gane, sai dai a nan lissafi ne ke juya saƙon, kuma ba ya warwaruwa sai ga wanda ke riƙe da mabuɗinsa. Ƙa'idar da ake bi wajen wannan aiki a intanet ita ce TLS. Ita ce ke sa wayar mai ciniki ta fara tabbatar da cewa bankin gaskiya take magana da shi, sannan su amince da mabuɗi na ɗan lokaci wanda za su kulle abin da ke wucewa a tsakaninsu.

Abin lura ga masu harkar tattalin arziki shi ne yawancin manhajojin da ke wannan aiki ba sayensu ake yi ba. Buɗaɗɗu ne, wato kowa na iya karanta yadda aka rubuta su, ya gyara, ya rarraba. Mafi shahara a cikinsu ita ce OpenSSL, wadda aka kafa a 1998 a kan wani aiki da Eric Young da Tim Hudson suka fara a ƙasar Ostareliya a 1995. Sai OpenSSH, wadda masu kula da manyan kwamfutoci ke amfani da ita don shiga na'urorinsu daga nesa cikin sirri. Masu haɗa babbar manhajar OpenBSD ne, ƙarƙashin jagorancin Theo de Raadt a ƙasar Kanada, suka fitar da ita a ƙarshen 1999.

Zaman jagoran aikin a Kanada ya yi wa aikin amfani saboda siyasar wancan lokaci. A shekarun 1990 gwamnatin Amurka na ɗaukar ƙaƙƙarfar manhajar ɓoye saƙo tamkar makami, ba a fitar da ita waje sai da izini. Phil Zimmermann, wanda ya fitar da manhajar PGP a 1991, ya sha bincike na kusan shekara uku kafin a janye batun a 1996. Saboda haka ne aka riƙa yin muhimman ayyukan a wajen Amurka, har zuwa shekarar 2000 lokacin da aka sassauta dokar.

Lasisin da ake fitar da irin waɗannan manhajoji a ƙarƙashinsa iri biyu ne manya. Na farko shi ne GPL, wanda ke da sharaɗin cewa duk wanda ya gyara manhajar ya rarraba ta, to wajibi ne ya buɗe gyaran da ya yi a bisa wannan sharaɗi. A kansa ne aka fitar da zuciyar manhajar Linux, da kuma GnuPG da Werner Koch ya fara a Jamus a 1997. Na biyu shi ne lasisi mai sassauci, irin su BSD da MIT da Apache. Sharaɗinsa kaɗan ne: a bar sunan masu aikin na asali a jiki, kuma a san cewa ba su ɗauki alhakin duk wata asara ba. Bayan wannan, kamfani na iya ɗauka ya saka a cikin hajarsa, ya rufe, ya sayar, ba tare da biyan ko kwabo ba.

Wannan sassauci shi ne dalilin yaɗuwarsu. Kamfanin da ke ƙera waya ko na'urar karɓar kuɗi ba ya buƙatar ya ƙirƙiro nasa makullin, wanda zai ci kuɗi kuma mai yiwuwa ya fito da rauni, tun da ga wanda masana suka daɗe suna dubawa. Kamfanin Apple ya daɗe yana saka OpenSSH a kwamfutocinsa, Microsoft ma ya shigar da ita cikin Windows 10 a 2018. Google ya ɗauki OpenSSL a 2014 ya fitar da nasa reshen mai suna BoringSSL, wanda ke cikin wayoyin Android, irin waɗanda suka fi yawa a hannun 'yan kasuwar Nijeriya. Ita kanta OpenSSL ta koma lasisin Apache a watan Satumba na 2021. Sakamakon wannan shi ne tsaron da ke cikin waya mai araha a Coal Camp daga tushe ɗaya ya fito da wanda manyan kamfanonin duniya ke dogaro da shi, kuma kuɗin lasisinsa bai hau kan mai saye ba.

Sai dai rijiyar da kowa ke ɗiba ba kowa ke yashe ta ba. A ranar 7 ga Afrilu, 2014, aka bayyana wani kuskure a cikin OpenSSL da aka laƙaba wa suna Heartbleed, wanda ke bai wa maharin da ke nesa damar kwasar bayanai daga ƙwaƙwalwar kwamfuta, har da kalmomin sirri da mabuɗai. Kuskuren ya shafe kimanin shekara biyu a cikin manhajar kafin a gano shi, kuma an ƙiyasta cewa ya shafi shafukan intanet kusan rabin miliyan. A lokacin ne aka san cewa gudummawar da aikin ke samu daga jama'a ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, kuma masu kula da shi 'yan ƙalilan ne. Bayan haka manyan kamfanoni suka kafa asusun tallafi ta hannun Gidauniyar Linux, su kuma mutanen OpenBSD suka cire nasu reshen mai suna LibreSSL, suka zubar da tsofaffin sassa masu yawa.

An sake samun gargaɗi a watan Maris na 2024, lokacin da wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano wata ƙofar baya da aka dasa da gangan a cikin manhajar XZ, da nufin kutsawa ta OpenSSH a wasu nau'o'in Linux. An tare abin kafin ya bazu sosai, kuma buɗewar manhajar ce ta ba shi damar bin sawun matsalar.

Darasin da ke nan ga ɗan kasuwa a bayyane yake. Gyaran da masana ke yi ba ya amfanar wayar da ba a sabunta manhajarta, kuma tsohuwar wayar da kamfaninta ya daina aika mata gyara ta fi zama cikin haɗari. Haka kuma lambobin USSD da ake bugawa don aika kuɗi ba su da irin kariyar TLS da manhajar banki ke da ita, sun dogara ne a kan tsaron layin kamfanin waya. Sannan babu wani makulli da zai tsare wanda ya miƙa lambar sirrinsa ga mai kiran waya da sunan ma'aikacin banki, ko dillalin da ya saki kaya saboda saƙon shigar kuɗi na bogi ba tare da ya duba asusunsa ba.

Ga bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi kuwa, sharaɗin lasisin yana nufin alhakin yana wuyansu. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, kuma masu rubuta manhajar kyauta sun riga sun bayyana cewa ba za su biya diyyar kowa ba. Don haka ya zama wajibi kowane kamfani ya san manhajojin da ke cikin na'urorinsa, ya riƙa saka gyara da zarar ya fito, ya kuma ware wani abu daga ribarsa don tallafa wa masu kula da su.