Cefane Ya Sauya Hannu a Gyadi-Gyadi da Tarauni

A tsarin gidan Bahaushe na birni, cefane aikin maigida ne. Shi ke barin kuɗin kayan miya kafin ya fita, ko ya aiko yaro da su daga kasuwa. Ranar albashi, ko ranar da ciniki ya yi kyau, ya auno hatsi, ya sayo manja da sabulu. Shari'a ce ta ɗora masa ciyarwa da tufatarwa da muhalli, al'ada kuma ta ƙara masa da zuwa kasuwar da ƙafarsa, tunda matar aure ba ta yawon kasuwa. Amma duk wanda ya ɗauka cewa kulle ya raba mace da ciniki bai san gidan Hausa ba. Baturiyar Ingilan nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta rubuta a 1969 cewa akwai wata babbar kasuwa da ke ci a cikin gidaje, baƙo ba ya ganin ta. Bayanta wata mai bincike, Enid Schildkrout, ta zauna a birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna cewa yara ne ƙafar wannan kasuwa. Su ke fita da farantin ƙosai da alala, su komo da kuɗi da labarin farashi, su ake aika gidan wance a karɓo zubin adashi. Uba yana saye a waje, uwa tana sayarwa daga ciki, yaro yana kai-kawo, dillaliya kuma tana shiga da ƙullin atamfa da kwanuka har tsakar ɗaki.

Tsarin bai rushe ba, amma ya goce daga inda yake, kuma a unguwanni irin su Gyadi-Gyadi da Hausawa da Darmanawa da Kundila da Tarauni ake ganin gocewar ƙarara. Yanki ne na ma'aikata da 'yan kasuwa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan a bakin titin Zariya, kuma cikin masu aiki a cikinsa akwai mata da yawa: ma'aikatan jinya, ungozomomi, likitoci, masu gwajin jini. Ga malaman makarantun kuɗi, ga ma'aikatan bankuna. Matar da ke da aikin dare a asibiti ba za ta yi wa yara wankan safe ba. Dole wani ya yi, kuma sau da yawa wanin nan shi ne maigida.

Makaranta ce ta fara taɓa tsarin. Tun daga shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 har zuwa manufar ilimi kyauta kuma dole da gwamnatin Kano ta ƙaddamar a 2019, hukuma tana jan yaro daga bakin faranti zuwa aji. Yaron Tarauni na yau yana boko da safe, yana Islamiyya ko tahfiz da yamma, ba ya samun kansa sai magariba ta kusa. Ɗan aike ya tafi makaranta, aiken ya koma kan uba. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a watan Janairun 2013, kai yara makaranta ma ya zama lissafi: ko a yi jinga da mai adaidaita sahu, ko uban ya kai su da kansa. Wanda ya tsaya a titin Kotu ko kusa da gadar Dangi da ƙarfe bakwai na safe zai ga magidanta a kan babur, yaro ɗaya a gaba, biyu a baya, jakunkuna da kular abinci rataye a hannun babur. Irin wannan uban ya san farashin biskit da lemon kwali fiye da yadda mahaifinsa ya taɓa sani.

Sai waya. Kasuwar Farm Centre da ke nan Tarauni ta cika hannun mutane da wayoyi, sabbi da na hannu, amma abin da ya mayar da wayar jakar kuɗi shi ne ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan sauya fasalin kuɗi. A 'yan watannin nan har mai kayan miya ya buɗe asusu a OPay ko Moniepoint, ya manna lambarsa a jikin teburi. Sana'ar cikin gida kuma ta koma WhatsApp da Instagram: turaren wuta, humra, abaya, dambun nama, cincin, kek na biki. Mai sana'a ta ɗora hoto, mai saye ta tura kuɗi, mai adaidaita ya kai kaya. Aikin da yarinya mai talla da dillaliya suke yi a da, yanzu waya ke yin mafi yawansa, kuma kuɗin yana shiga asusun matar kai tsaye.

Tsadar rayuwa ce ta ƙarasa sauran. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar wannan shekarar, bisa lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Albashi ɗaya ya daina kai wata. Kuɗin mace, wanda a da ake tara shi don kayan ɗakin 'ya da gudunmawar biki, ya fara shiga kuɗin makaranta da cikon tukunyar gas. Sai dai ba a shelar wannan. A addini ba wajibinta ba ne, taimako ne, kuma a gidajen da ake zaman mutunci ana yin sa ne cikin rufin asiri.

A kantin unguwa, bayan sallar isha'i, ake ganin yadda duk wannan ya haɗu. Magidanci ya shigo da ragowar gajiyar aiki, waya a kunne.

"Maman Ummi, babu irin wanda kika ce, sai mai shuɗiyar leda."

"A'a Abban Ummi, wannan yana sa mata ƙuraje. Juya mini kyamarar in gani."

Ya ɗaga wayar yana bin kantar pampas da ita a hankali. Mai shago ya miƙo hannu: "Alhaji, ba ni Hajiya mu yi magana." Suka daidaita a kan wani iri mai lamba huɗu, ta ce a haɗo da madara 'yar leda guda biyar da sabulun wanki. Can wayar mai shago ta yi ƙara, kuɗi sun shigo. Bai faɗi sunan da ya gani a saƙon ba, ya dai ce, "Ya shigo, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi."

A wannan ɗan cinikin, wanda ya zo shago daban, wadda ta zaɓa daban, kuma mai biya ba lalle ne wanda ke tsaye ba. Gobe abin zai iya juyawa: ita ta biyo ta kasuwar Tarauni daga wurin aiki, shi ya turo kuɗin daga Kantin Kwari. Mai shagon unguwa ya riga ya gane haka, shi ya sa yake da lambar miji da ta mata, yake kuma iya bakinsa. Manyan masu talla ne suka makara. Yawancin tallan kayan girki da na wanki da ake fassarowa daga Legas har yanzu uwargida kaɗai suke kira, a nuna ta tana tura keken sayayya a babban kanti, maigida kuwa ba ya bayyana sai an zuba abinci. Wannan hoton ko a da bai dace da Kano ba, domin namiji ne ke zuwa kasuwa. Yanzu kuma ya sake kuskurewa ta wani gefen, domin namijin ya shigo cikin renon. Tallan banki da na fili da na makaranta su kuma maigida suke yi wa magana, alhali a gidaje da yawa uwa ce ke zagaya makarantu ta duba banɗaki da yawan yara a aji kafin a yanke shawara.

A wasu ƙasashen an daɗe da fara wannan gardama. A Indiya, kamfanin da ke yin garin sabulun Ariel ya fito da talla a 2015 yana tambayar ko wanki aikin mace ne ita kaɗai. A Ingila, hukumar sa ido kan tallace-tallace ta kafa doka a Yunin 2019 da ta hana tallan da ke kafe namiji ko mace a hoto mai cutarwa, kuma cikin na farko da dokar ta kama akwai tallan cukun Philadelphia, wanda ya nuna iyaye maza biyu sun shagala da abinci har jariri ya tafi a kan bel ɗin da ke zagaya da kwanuka. A nan gida, majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da hutun haihuwa na kwana 14 ga ma'aikatan gwamnatin tarayya maza a Satumbar 2021.

A ganina kwaso tallan Indiya a juye shi da Hausa ba zai yi aiki a Tarauni ba. Magidancin Kano ba zai ga kansa a tallan da aka durƙusar da shi gaban bahon wanki ana yi masa wa'azi ba, ko da kuwa yana yin wankin a ɓoye, ko da kuwa ya sha jin malamai suna faɗar yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake taya iyalinsa aikin gida. Inda zai ga kansa shi ne a ƙofar makaranta, a layin kemis da tsakar dare, a wurin mai kayan miya yana jayayya kan kwanon tumatir. Haka tallan da zai nuna mace tana biya: idan ya zo da sigar gori ga miji, matar ce za ta fara ƙin sa.

Akwai kuma batun yadda ake yin sayayyar ita kanta. Shoprite ya buɗe a Ado Bayero Mall da ke titin Gidan Zoo a 2014, ya rufe a Janairun 2024. Kamfanin Procter & Gamble mai Pampers ya sanar a Disambar 2023 cewa zai daina sarrafa kaya a Nijeriya, Kimberly-Clark mai Huggies ya bi sahu a 2024, Molfix na kamfanin Hayat na Turkiyya, mai masana'anta a Agbara ta jihar Ogun, ya ci gaba da cika kantoci. Kowanne da dalilansa na canjin kuɗi da tsadar aiki, amma abin da ake gani a unguwa shi ne iyaye ba su ɗaure wa suna gindi, abin da aljihu zai ɗauka yau suke bi. Dabarar da Cowbell ya shigo da ita a 1993, ta ƙulla madara a 'yar leda, ita ce har yau ke riƙe da cefanen yawancin gidaje. Sari a kasuwar Singa na mai hali ne, saura kullum ta Allah sai an je shago.

Iyaye su ma akwai abin lura. A da talla tana tsayawa a zaure, sai an yi mata izini. Yanzu tana cikin wayar da aka miƙa wa yaro don ya yi shiru a gama girki, kuma masu taliyar yara da lemon kwali sun daɗe da sanin cewa kukan yaro a gaban kanti ya fi kowace sanarwar rediyo ƙarfi, musamman a kan uban da ya yini bai ga ɗansa ba. Uwa mai aiki kuma ita ake hari da madarar jarirai. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar da ta hana tallata wa jama'a abin da ke maye gurbin nonon uwa, NAFDAC ce ke kula da wannan a Nijeriya, shawarar likitoci kuma ita ce nono zalla har wata shida. Amma hoton da ƙawa ta ɗora a WhatsApp, na garin kunun jarirai ko maganin ƙiba marar lambar NAFDAC, babu hukumar da ke tace shi kafin ya iso.

Sannan akwai wadda kusan babu mai talla da ke tunawa da ita. A gidan da uba da uwa duk suka fita, yaron da bai isa makaranta ba yana hannun kakarsa, ko gwaggo, ko 'yar aiki, daga safe har la'asar. Ita ke dama kunu, ita ke cewa wannan sabulun yana busar da fata, ita ke yanke hukunci ko zazzaɓin ya isa a je asibiti ko a jiƙa magani. Sau da yawa ba ta da Instagram, rediyonta dai yana kunne a tashar Freedom ko Rediyon Kano tun asuba. Idan Hajiya Kaka ta ce ba a ba jikanta abu kaza, to an gama magana, ko wane ne ya biya kuɗinsa.