Ɗaukar Gadina: Jinga Ko Albashi?

A gidanmu da ke Ibadan muna da ɗan lambu mai ciyawa da furanni da bishiyar mangwaro. Da ƙarfin mahaifina ya ragu, sai aka ɗora mini nauyin neman gadina, wato mai kula da lambu. A nan zan bayyana yadda ake biyansa.

Hanyoyin biya iri uku ne. Ta farko ita ce jinga, inda ake yanke kuɗin aiki dungurungum, kamar sassabe ko datse shinge. Ta biyu ladan yini. Ta uku kuwa albashin wata, ga wanda zai riƙa zuwa a kai a kai.

Abin da ke ɗaga farashi shi ne girman fili da lokaci da kayan aiki. Da damina ciyawa takan tashi cikin mako biyu, da rani kuma ban-ruwa ne aikin. Mai adda da manjagara ya fi mai inji sauƙi, musamman tun da aka cire tallafin fetur a 2023.

Ni dai na yi kuskure. Mun yi jinga ba mu ambaci fetur da kwashe shara ba. Da ya gama, ya nemi ƙari, na ƙi, har sai da mahaifina ya shiga tsakani. Gaskiya tasa ce, kuma bai sake dawowa ba.

Don haka, ɗan'uwa ɗalibi, kafin a ɗaga adda a fayyace wa zai sayi fetur da taki, wa kuma zai kwashe shara.