Harsashi ɗaya, awo biyu: Me ya sa alƙaluman Amurka da na Turai suka saɓa?

Ƙungiyar masana'antun makamai ta Amurka, SAAMI, ta ƙayyade iyakar matsin harsashin .223 Remington a PSI 55,000. Hukumar CIP mai mazauni a Beljiyam kuwa ta ce bar 4,300 ne, wato sama da PSI 62,000.

Harsashin bai canza ba. Galibin saɓanin daga yadda ake awon ya samo asali.

Da an danna kunamar bindiga, albarushi yana ƙonewa ya zama iskar gas mai tsananin matsi kafin ƙiftawar ido. Idan matsin ya wuce ƙima, bindigar na iya fashewa a fuskar mai harbi.

A da, ɗan guntun jan ƙarfe ake sakawa a jikin bindigar gwaji. Gas ɗin ya matse shi, sai a auna yadda ya gajarce, a duba jadawali a fitar da adadin da ake kira CUP. Matsalar ita ce matsin yana wucewa tun kafin ƙarfen ya gama lanƙwasuwa, don haka sau da yawa adadin kan gaza ainihin ƙololuwar.

Yanzu an koma na'urar lantarki mai ɗan dutse a ciki, wanda ke fitar da caji idan an matse shi. Tana nuna hawa da saukar matsin gaba ɗaya. Sai dai nan ma kowa da tsarinsa.

A tsarin SAAMI, na'urar tana jingine ne da bangon kwanson harsashi, sai ya buɗe ya tura ta. CIP huda kwanson take yi domin gas ya bugi na'urar kai tsaye. Ita kuwa NATO a bakin kwanson take awo.

Dokokin CIP wajibi ne a ƙasashen da ke cikinta, na SAAMI kuma na sa kai ne.

Masu ɗura harsashi da kansu, waɗanda ke da yawa a Amurka, su ne suka fi shiga haɗari, musamman masu aiki da tsofaffin littattafai. Babu lissafi tabbatacce na mayar da CUP zuwa PSI. Harsashin .30-06 yana da CUP 50,000 amma PSI 60,000, alhali .45-70 yana da 28,000 a ma'aunan biyu.