Mai Shimfiɗa Hoto a Bayan Shafi

Cikin masu gina shafukan intanet akwai wanda kwalliya ce rabonsa: launi, girman rubutu, da hoton da ke shimfiɗe a bayan komai. Kayan aikinsa CSS ne, harshen da Håkon Wium Lie ya gabatar a 1994 yana aiki a CERN, aka amince da shi a matsayin ƙa'ida a Disamban 1996. Sa hoto a baya layi ɗaya ne tak. Inda gizo ke saƙar shi ne, shafi ɗaya ake rubutawa, burauza kuwa da yawa, kowace da halinta.

Tsofaffin hannu ba su manta da Internet Explorer 6 ta 2001 ba. A ba ta hoton PNG mai shara-shara, sai ta cike gurbin da ruwan toka. Sai da ta 7 ta fito a 2006 aka huta. Umarnin background-size, wanda ke buɗa hoto ya rufe allo ba tare da ya jirkice ba, bai shiga Explorer ba sai a ta 9, a 2011. A wancan zamani umarni ɗaya sai a yi ta maimaita shi: -webkit- don Safari da Chrome, -moz- don Firefox, -o- don Opera.

Microsoft ta yi wa Explorer ritaya a Yunin 2022, amma da sauran rina a kaba, don ba ita kaɗai ce mai taurin kai ba. WebP, tsarin hoto marar nauyi da Google ta fitar a 2010, sai a 2020 Safari ta karɓe shi. Hoton da aka kafe ya tsaya cik rubutu na wucewa ta kansa ma ya daɗe yana gardama a iPhone.

Ni dai ba a babban allon ofis nake gane gwani ba. Ina gane shi ne a ƙaramar waya mai Opera Mini, wadda ke matse shafi don tsimin data, a wurin da sabis ke ɗaukewa. Farin rubutu a kan hoto mai duhu yana da kyau ƙwarai, amma idan hoton ya ƙi saukowa, fari ya hau fari, ba abin da zai karantu. Shi ya sa gwani ke fara shimfiɗa launi mai duhu a ƙasa kafin ya ɗora hoto, ya kuma tanadi ƙaramin hoto don waya, kada ya cinye wa mutum datar da ya saya da guminsa. Ba ya kuma yarda ya binne farashi ko adireshin shago a cikin hoton baya, domin manhajar da ke karanta wa makafi shafi tsallake shi take yi.