Darasin Ruwa a Gindin Darbejiya

A wata firamare da ke wani ƙauye kusa da Haɗejia, aji uku ba ya cika da sassafe in bazara ta kama. 'Yan mata da dama suna can bakin rijiyar burtsatse, jarkoki a jere, sai hantsi ya ɗaga su shigo da jiƙaƙƙen hijabi. Waɗannan yaran ne malamarsu ke koya wa daga ina ruwa yake zuwa, ina kuma yake tafiya.

Ba ta fara da allo. Waje take fitar da su gindin darbejiya, a hura wuta, a ɗora tukunya. Da ruwa ya tafasa sai ta ɗaga murfin, ta juya musu cikinsa, ga ɗigo-ɗigo sun taru suna gangarowa. Ta ce abin da wuta ta yi wa tukunyar nan shi rana ke yi wa kogi da teku: tururi ya tashi, ya yi sanyi a sama, ya zama gajimare, hadari ya haɗu, ruwa ya sauko.

Wani yaro ya ɗaga hannu. "Malama, to ruwan kududdufinmu da ya ƙafe, mu zai dawo wa?"

"A'a, ɗana. Iska ce ke kai shi inda Allah ya nufa. Damshin da ke kawo mana damina ma daga Tekun Atlantika yake tasowa."

Daga nan take bi da su Kogin Haɗejia, tun daga ƙasar Kano, inda aka tare rassansa da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, har ya haɗu da na Jama'are, ya zama Kogin Yobe, ya faɗa Tafkin Chadi. Yaran sun san sauran labarin, domin a gabansu iyayensu ke fama da ciyawar kachalla da ta toshe hanyoyin ruwa a fadama. A ganina nan ne hikimar malamar take: kogin da suke wanka a ciki shi ta mayar littafi. Ko da ta gaya musu cewa kusan kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya mai gishiri ne, shiru suka yi, don sun san nauyin jarka guda.

Batun tattali kuwa da alwala ta kama shi. Ta tuna musu cewa da mudu ɗaya Manzon Allah (SAW) kan yi alwala, ƙaramin mudun nan na zakkar fid-da-kai. Yanzu kowa a kan tsohuwar roba yake alwalar azahar, a kwashi ruwan a zuba wa dashen mangwaro a bayan aji. An kuma ɗaure moɗa a jikin randa da igiya.

Iyaye, in yaro ya dawo gida ya ce a tara masa ruwan alwala, kada a gwasale shi. A nemo masa roba.