Abin da ya kamata ku sani kafin sayen a-kori-kura ta hannu

Wanda ya sayi ƙaramar mota ta hannu, yawanci abin da ya gada shi ne zirga-zirgar wani ma'aikaci tsakanin gida da ofis. A-kori-kura ba haka take ba. Don aiki aka ƙera ta, kuma wanda ya saye ta sabuwa aiki ya saye ta ta yi masa. Wadda ta shekara goma a duniya, da wuya a ce ba ta sha siminti da rodi ba, ko buhunan taki, ko hanyar daji a tsakiyar damina. Don haka babbar tambayar mai saye ita ce: wace irin wahala motar nan ta sha, kuma a ina wahalar ta bar tabo? Fenti ba zai ba ka amsa ba. Amsar tana ƙarƙashin motar.

Motocin da muke magana a kansu su ne matsakaita, irin su Toyota Hilux da 'yar'uwarta ta Amurka, Tacoma, da Mitsubishi L200, da Nissan Navara ko Frontier, da Ford Ranger, da Isuzu D-Max. Su ne suka gaji aikin da Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya suka daɗe suna yi a hanyoyin kasuwannin ƙauye. Mafi yawansu an ƙera su ne su ɗauki kusan tan ɗaya, wato buhu goma na masara mai kilo 100, kuma a cikin wannan lissafi har da nauyin direba da fasinjoji. Tacoma ma ba ta kai nan ba, domin Amurkawa sun fi amfani da ita a matsayin motar hawa. In aikinka jigilar hatsi ne daga ƙauye zuwa kasuwar Dawanau, mai ƙofa biyu ta fi dacewa da kai saboda bayanta ya fi tsawo. Mai ƙofa huɗu ta mai iyali ce ko ɗan kwangila mai ɗaukar ma'aikata. In kuwa ka san buhu ashirin za ka riƙa lodawa, ba wannan ajin mota kake nema ba.

Jikin a-kori-kura a ɗore yake a kan shasi, dogayen ƙarafa biyu da suka tashi daga gaba har baya. Inji yana canzuwa, giya tana canzuwa, bodi ma a kan samu wani a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka. Shasi kuwa shi ne motar, kuma a jikinsa aka buga lambarta. Mai sayen san huɗa ƙafafu da haƙora yake dubawa, ba ƙyallin gashi ba. Kai ma ka sa a hau da motar kan ramin gareji, ka shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma, ka bi ƙarfen daga farko har ƙarshe kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi. Wanda tsatsa ta ci daga ciki sautinsa a dakushe yake, wani lokaci ma ɓawo ya riƙa zubowa. Ka fi mai da hankali a inda sifirin na baya ya kama shasi, da daidai inda kan mota ya haɗu da bodi, domin nan ne nauyi ke taruwa.

Wannan gargaɗi ya fi ƙarfi a kan motocin da suka fito daga ƙasashen sanyi. A arewacin Amurka da Kanada da Ingila ana zuba gishiri a kan titi lokacin hunturu don ƙanƙara ta narke, gishirin kuma ya shige cikin shasi ya zauna yana ci. Matsalar ta yi tsanani a Tacoma har a 2008 kamfanin Toyota ya shiga sayen waɗansu ƙirar 1995 zuwa 2000 daga hannun masu su, sannan a 2016 ya amince da sulhun da ya kai kusan dala biliyan 3.4 a kan tsatsar shasi, wanda ya haɗa da Tacoma ƙirar 2005 zuwa 2010. Navara ta zamanin 2005 zuwa 2015 ita ma an yi ta kuka da ita a Ingila, inda aka ga waɗansu sun karye a tsakiya. Ba cewa ake yi kowace irin wannan mota ruɓaɓɓiya ce ba, amma in ka ga an shafe ƙarƙashin tsohuwar mota da sabon baƙin fenti mai kauri, ka tambayi kanka abin da aka rufe.

Motar da ta yi rayuwarta a nan gida ba tsatsa ce babbar cutarta ba, lodi ne. Ka tsaya a gefenta ka dubi ratar da ke tsakanin kai da bodi. Ya kamata faɗinta ya zama ɗaya sama da ƙasa, dama da hagu. In ta buɗe a sama ko ta matse, shasin ya lanƙwashe. Ka dubi sifirin: in ya miƙe sambal maimakon ya ɗan yi baka, ya gaji, in kuma an ƙara masa ganye biyu ko uku, mai motar ya faɗa maka da kansa irin lodin da yake yi. Sai ka nemi walda. Shasin da aka yi wa walda a tsakiya, a ganina, ba abin ciniki ba ne ko nawa aka rage, domin ranar da zai sake buɗewa rana ce da motar ke ɗauke da kaya da mutane. A lokacin gwaji ka sa wani ya bi ta a baya ya gani ko tana tafiya a karkace.

Daga ina ta fito? In daga Amurka ne, aikinka ya yi sauƙi. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofar direba. Da wannan lamba za ka iya sayen rahoton tarihinta a Carfax, sau da yawa ma in ka rubuta ta a intanet za ka ci karo da hotunanta na ranar da aka yi gwanjonta a Copart ko IAAI. Da yawan motocin da ake shigowa da su kamfanonin inshora ne suka sallama su bayan haɗari. Wadda aka buga a bamba ko ƙofa aka gyara da kyau, babu laifi in farashi ya nuna haka. Wadda ambaliya ta shanye ita ce abin gudu, domin ruwa yana kwana a cikin wayoyi da kwamfutar mota, sai bayan watanni matsaloli su riƙa ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. Ɗaga dardumar ƙasa ka sansana, ka dubi ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai shatin laka. Ka kuma tuna cewa agogon motar Amurka da mil yake ƙirga: mil 100,000 ya haura kilomita 160,000. Agogon ma ana mai da shi baya, don haka ka gwada abin da ya nuna da yadda robar birki da sitiyari da kujerar direba suka cinye.

Akwai kuma Hilux da aka ƙera don ƙasashen da sitiyarinsu ke dama, irin su Tailan da Ostareliya da Ingila, aka juya shi zuwa hagu kafin a kawo. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba, shi ya sa ake juyin. Amma juyin yana taɓa sitiyari da birki da wayoyi, abubuwan da rai ya rataya a kansu. Ana gane motar da aka yi wa juyi ta hanyar waifa da ke kwanciya ta ɓangaren da bai dace ba, da tsofaffin ramuka da aka toshe a bangon da ya raba inji da ɗakin direba, da dashbod da bai zauna daidai ba.

Batun inji, ka roƙi mai mota kada ya tayar da ita kafin ka iso, ka kuma taɓa bonet ka tabbatar da sanyi. Injin da ya gaji da safe yake tona kansa: jinkirin tashi, ƙwanƙwasa, hayaƙi. Shuɗin hayaƙi na nufin yana cin baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi alama ce ta ruwa na shiga inda bai kamata ba. Baƙin hayaƙi a injin dizal yakan nuna nozul. Tun inji yana sanyi ka buɗe murfin lagireto, a tayar, ka ga ko kumfa na tasowa ba tsayawa. Ka buɗe murfin baƙin mai: in ka ga abu kamar madara a jikinsa, ruwa ya haɗu da mai, in kuma hayaƙi na bugowa da ƙarfi daga ramin, ringin ya kusa ƙarewa.

Fetur ko dizal? Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 wannan lissafi ya canza, kuma dizal ya fi nisa da lita ɗaya, ya fi jan kaya. Sai dai gyaransa ya fi tsada. Injin fetur mai lita 2.7, wato 2TR, yana cikin Hilux da Tacoma da kuma bas ɗin Hiace, saboda haka kusan kowane bakanike a tasha ya san cikinsa, kuma sarƙa ce ke juya shi, ba bel ba. A ɓangaren dizal, tsohon 5L mai lita 3.0 ba shi da gudu amma yana da haƙuri da man da ake samu a ƙauye. Injinan 1KD da 2KD na Hilux ƙirar 2004 zuwa 2015 sun fi ƙarfi, amma nozul ɗinsu ba ya jure mai mai ruwa ko datti, kuma suna da bel na taimin da ake canzawa a wajen kilomita 150,000. In ba a nuna maka shaidar an canza ba, ka sa kuɗinsa a lissafi, domin in ya tsinke a kan tafiya yana iya ɗaukar inji gaba ɗaya. Sababbin dizal da suka fito daga Turai suna da matatar hayaƙi a salansa wadda aka tsara don mai marar sulfa da yawa, kuma tana yawan toshewa a nan. Mai son Frontier ƙirar 2005 zuwa 2010 mai giya otomatik kuwa, ya duba man giya da ruwan lagireto, domin an san su da haɗuwa, haɗuwar kuma tana kashe giya.

Gwajin zagaye layi ɗaya ba gwaji ba ne. Ka hau babban titi ka saurari kukan aksil na baya, ka ji ko farfela na girgiza, ka taka birki da ƙarfi ka ga ko tana ja gefe. Sannan ka sauka kan yashi ko burji ka sa giyar taya huɗu, babba da ƙarama, ka tabbatar tana shiga tana fita. Kada a gwada giyar taya huɗu a kan kwalta, yin haka yana wahalar da ita. An sha samun mota mai tambarin taya huɗu alhali an cire farfelar gaba tuntuni. Lokacin da ka murɗa makulli, duk fitilun gargaɗi su kama sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne. Tayoyi kuma suna da ranar haihuwa a gefensu: lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019.

Hilux ta fi sauran tsada a kasuwa, kuma akwai dalili: kayan gyaranta na ko'ina, kuma ranar sayarwa ba ta kwantai. Amma suna ba ya warkar da shasi. L200 ko D-Max mai lafiya ta fi Hilux da aka gama da ita a wurin kwangila. Abin da zai raba maka gardama shi ne ka shiga kasuwar kayan gyara ta garinku tun kafin ciniki, ka tambayi kuɗin nozul da kuloci da fitilar gaba da gilashi na motar da kake so. In an ce sai an aiko daga Ladipo a Legas, ka san kwanakin da za ta riƙa yi a ajiye. Ka tafi da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma ka biya shi ladansa ko an saya ko ba a saya ba, don kada cin abincinsa ya rataya a kan cinikin ya faɗa.

Saura takardu, kuma a nan ne mutum kan yi asarar motar ɗungurungum. Lambar da ke jikin shasi dole ta yi daidai da ta takardar kwastam da ta shaidar mallaka, harafi da harafi, kuma wurin da aka buga ta kada ya nuna alamar gurza ko walda. A watan Janairun 2017 aka hana shigo da motoci Najeriya ta iyakokin ƙasa, don haka motar da aka ce ta biyo ta Kwatano tana buƙatar ƙarin bincike. Ka kai takardar ofishin kwastam a tantance ta, ka kuma bincika wurin 'yan sanda ko an taɓa kai rahoton sace ta, domin Hilux na cikin motocin da ɓarayi ke so. In gwanjon wata ma'aikata ko kamfani ce, a ba ka takardar gwanjon. Mai saye a Nijar shi ma ya gwada takardar duwan da katin mallaka da lambar shasi. Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka ga mai motar ido da ido da katin shaidarsa. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a biya ta banki zuwa asusu mai sunan da ke kan takarda, kuma ka mai da mallaka sunanka kafin ka ɗora mata buhun farko.