Ingarma a Waya, Goɗiya a Turke

(Algaita da tambari, sannan sauti ya lafa)

  Shirinmu na yau na dawaki ne, amma bari mu faro da dokin da ba ya cin harawa.

Akwai wasannin intanet da ake kiwon dawaki a cikinsu, irin su Howrse da wani kamfanin Faransa ya ƙirƙira, da Rival Stars Horse Racing. Za a ba mai wasa barga, kowane doki da makinsa: na gudu, na juriya, na ƙarfi. Sai ya zaɓi ingarma ya haɗa da goɗiya, duƙushin da za a haifa ya gaji uwa ya gaji uba. Duk wanda ya daɗe a wasan ya san cewa in ka zuba dukiyarka a kan ingarma kaɗai, ka haɗa shi da goɗiya marar maki, duƙushi tsaka-tsaki za ka samu. Kuma kwamfuta ba ta mantuwa. Da danna maɓalli za ta jero maka iyayen doki da kakanninsa.

Iyaye na faɗan yara sun tare a waya, kuma da gaskiyarsu. Sai dai a nan wasan ya riƙe wani abu da mu masu dokin gaske muka saki.

Mu leƙa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Bayan shanu da raƙuma da tumaki, ga dawaki nan a ɗaure: akawal, kili, danda, hurde. Mai saye zai buɗe bakin doki ya duba haƙora don ya gane shekarunsa, ya ɗaga kofato, ya shafa gwiwa, ya sa a yi ɗan kilisa a gabansa ko zai hango ɗingishi. Wannan ilimi ne babba, ba wasan da ke koyar da shi. Amma ya tambayi wace ce uwar dokin nan, sai a ce masa: "Ranka ya daɗe, daga arewa aka kawo shi." Shi ke nan. Asalin doki yana bakin dillali, dillali kuwa la'adarsa yake nema.

Masarautar Gumel ta san darajar doki tun fil azal. Mangawa ne suka kafa ta wajen 1750, ta yi mubaya'a ga Borno, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. A ƙarni na 19 ta yi ta gwabzawa da Haɗejia da Kano da Damagaram, kuma a irin wannan fili mai yashi, wanda ya fi barade da lifidi shi ke kwana da garinsa. Amma ko a zamanin da, manyan dawaki sayo su ake yi. Matafiyin nan Leo Africanus ya rubuta a ƙarni na 16 cewa sarkin Borno na musayar bayi da dawakin da fatake ke kawowa ta hamada. Jinin Dongola na Sudan da na dawakin Arewacin Afirka ta irin wannan hanya ya shigo mana.

Har yau ba mu bar wannan ɗabi'a ba. A hawan sallah ingarma ake hawa, shi ake yi wa ado, shi maroƙa ke yi wa kirari. Goɗiya kuwa tana can ƙauye a turke, abin da ya saura na dusa shi ne nata. Alhali ita ce za ta ɗauki ciki wata 11, ta shayar kusan wata 6, sannan a jira duƙushi ya kai shekara 3 kafin a ɗora masa sirdi na sosai. A waya wannan aikin ɗan lokaci ne. A barga shekara 4 ce ta gero da harawa da kanwa da kuɗin likitan dabbobi. Goɗiyar da ta sha yunwa da ciki ba za ta haifi ƙaƙƙarfa ba, ko da wane ingarma aka yi mata barbara. Kuma in aka yi ta haɗa uba da 'yarsa don ba a san wa ya haifi wa ba, iri sai ya lalace.

Turawan Ingila sun buɗe littafin asalin dawakin sukuwarsu a 1791, kuma ana bin jinin waɗannan dawaki zuwa ga ingarmu 3 kacal da aka kai musu daga ƙasashen gabas. Su ma daga waje suka samo. Bambancin shi ne sun rubuta.

Mu kuma mun ga abin da dogaro da saye ke jawowa. An rufe iyakokin Najeriya a Agustan 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disambar 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Duk mai neman dabba a wancan lokaci ya san yadda kasuwa ta kasance.

Don haka ga shawara ga shamakai da masu barga, daga fada har ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar. Wannan yaron da kuke yi wa faɗan waya, ku ba shi aiki: ya ɗauki hoton kowace goɗiya, ya rubuta ranar barbara, da ingarman da aka kai mata, da ranar haihuwa, da launin duƙushi, da cutar da ya taɓa yi. Ya riga ya iya, domin abin da yake yi ke nan a wasa.

A nan za mu ja linzami. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Algaita)